Ƙofar da Na Ɗinke a Bakin Lungu

Bana ruwan kogin Isa ya ja baya da wuri. Tun zafi bai kai ƙarshensa ba yashi ya fito fili a ƙarƙashin gada, kuma idan iska ta juyo daga kogi takan kawo warin laka mai bushewa har cikin tashar kamiyo ta Gaya, ta manyan motocin kaya, inda nake zama. Abokan zamana ba sa jin komai. Ni kuwa da na shaƙe shi sai hannuna ya tsaya a kan buhu, in yi ta neman basilla alhali tana tsakanin yatsuna.

Ɗinkin buhu ne sana'ata tun da na bar lakwal a aji shida. Buhun shinkafa da ya fashe wajen sauke kaya, na albasa da ƙugiya ta yaga, na gari da ɓera ya ɓula, duk wurina ake kawo su. Mutane suna yabon ɗinkina, suna kuma yi mini dariya. Sai in ɗinke buhu a ɗora shi a mota, in bi direba in ce a sauke in sake dubawa. Kwaɗon ɗakina sau uku nake komawa in taɓa shi. Alwala ma wani lokaci sai na sake ta, don ban tabbata ruwa ya kai gwiwar hannu ba. Matata Fati takan ce da za a ba ni sararin sama, da na nemo inda ya ɓule. Haka Allah ya yi ni, kuma sai an san wannan za a gane abin da zan faɗa.

Tsakanin Gaya da Tanda akwai ƙauyen su mahaifiyata. A bayan ƙauyen kogi ya yi wani hannu ya shiga cikin ƙasa, mai faɗi a ciki, mai ƙunci a baki, kamar tulu a kwance. Lungu kawai ake ce masa. A nan kifi ke yin ƙwai, a nan burgu ke fita, ciyawar ruwan nan mai zaƙin kara wadda shanu ke so. Shekarun nan Lungu ya lalace. Kainuwa ta rufe rabinsa, leda ta cika gefensa, wasu kuma suna jan gidan sauro a ciki suna kwashe 'ya'yan kifin da ba su kai yatsa ba. Sai masunta da matan da ke ƙyafe kifi suka kafa ƙungiya, malamin lakwal ɗin ƙauyen yana rubuta musu takarda idan za su je meri, ofishin magajin gari. Suna fid da kainuwa da hannu su tara ta a tudu ta bushe, suna dasa karan burgu a laka, suna hana jan gidan sauro. Wanda ya fi kowa ƙwazo a cikinsu shi ne Mumuni ɗan marigayi Gado, mutum mai kimanin shekara hamsin, wanda ya tashi a ƙetaren kogi, bai dawo ƙauyen ubansa ba sai da ya yi furfura.

Makon jiya wani ɗan kawuna ya biyo ta tasha, ya zauna kusa da ni yana ɓarar gyaɗa yana ba ni labarin gida. Ya ce ƙungiya tana so a dawo da tsohuwar al'adar shinge, a naɗa mai tsaron bakin Lungu kamar da, kuma sun zaɓi Mumuni. Dattawa suka ce ko kusa.

"Sun ce jinin Gado ba zai sake riƙe ƙofa ba," in ji shi. "Wai ubansa ya rufe ta sau ɗaya, ya ishe su. Shi kuma Mumuni ya rantse, in aka tashi zaman Laraba ba a sauya magana ba, zai kwance jirginsa ya koma inda ya fito. Kai, Hamidu, lafiya? Ka soke yatsanka fa."

Na duba, ga jini yana bin igiya. Ban ji lokacin da basilla ta shiga ba.

Shekarar da nake nufi ta kusa arba'in yanzu. Damina ta yi mana ƙarya. Ruwa ya sauka sau biyu aka yi shuka, gero ya kai gwiwa, sai sama ta ɗauke kamar an share ta. Kullum da yamma hadari yakan taso daga gabas, baƙi ƙirin, mu fito muna kallo, iska ta zo ta watsa shi. Da kaka ta zo babu wanda ya ɗaura dami. A tasha kaya suka daina shigowa. Babu buhun da za a ɗinka, domin babu abin da za a zuba a ciki. Fati tana goyon 'yarmu ta fari, Rakiya, wata huɗu da haihuwa. Mahaifiyata ta ce mu tafi wurin ƙanenta, Kawu Jibo, ko babu hatsi akwai kogi.

Kawu ya ba mu wata bukka ta zana a gefen gidansa. Rayuwar ƙauyen a lokacin ga yadda take. Da an sallame sallar asuba mata su ɗauki ƙwarya su shiga ruwa tonon bado. Da ƙafa ake laluben saiwarsa a laka, a nutsa a cire. Kafin hantsi sun dawo, leɓunansu sun yi fari, matsattsaku a ƙwaurinsu. A gasa saiwar a toka, a ci da ɗaci-ɗacinta. 'Ya'yan badon kuma a shanya, a daka, a tuƙa wani tuwo mai launin toka wanda ba ya tsayawa a ciki. Maza wasu su bi dajin giginya neman muruci, su dawo da biyar ko shida a hannu, domin na kusa duk an tone. Mu kuma mu yanki burgu mu kai wa Fulanin da suka sauka a tudu da shanunsu, su ɗan tsiyaya mana nono in akwai. Shanun sai ka ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Ungulu ba sa ma tashi idan mutum ya wuce.

Da bazara ta kama, yashi yakan ƙona tafin ƙafa tun kafin azahar. Ruwan randa kamar an ɗora shi a wuta. Da rana ta take, ƙauyen gaba ɗaya ya yi tsit, kowa a kwance a inuwa don kada yunwa ta ji motsinsa. Nonon Fati ya fara janyewa. Kukan Rakiya ya koma ɗan siriri kamar na kyanwa, daga baya ma sai ta buɗe baki kawai ba sauti. Ina yawan sa kunne a ƙirjinta, Fati tana ture ni tana cewa in bar ta ta yi barci.

Begen kowa yana kan shinge. Al'adar ita ce, idan ruwa ya fara komawa, gari duka ya fito a datse bakin Lungu. Maza su saro itace su kafa turaku daga wannan gaɓa zuwa waccan, mata su saƙa zana, a ɗaura ta a jikin turakun har ƙasa. Kifin da ya girma a ciki ba zai iya bin ruwa ya fita ba. Idan ruwa ya ragu sosai sai a sa ranar su, a kama kifin, a raba gida-gida, har baƙo yana da kaso. Kowane gida da ɓangaren da yake kafawa. Na yi aikin tare da su, ruwa iya ƙirji, duk da tsoron ruwan da nake yi.

Mai tsaron bakin Lungu shi ne Gado. Dogo ne, baƙi, kunnensa ɗaya a yage, ba ya son yawan magana. Hausarsa ta kasuwa ce, gajera. Ya ga yadda nake ɗaure igiya ina kwancewa ina sake ɗaurewa, ya yi dariya har ya dafa turke.

"Mai-basilla," ya ce, "wannan kogi ne, ba buhun masara ba. In ka gama da shi, ka zo ka ɗinke mini kunne."

Kowa ya yi dariya, har ni. Daga ranar sunan ya bi ni a ƙauyen.

Abin da ban sani ba shi ne shingen yana da ƙofa. A gefen da ya fi zurfi, inda burgu ya yi duhu, ana barin wata kafa a ƙarƙashin ruwa, faɗinta kamar mutum ya buɗe hannuwansa biyu. Ayu yakan shigo Lungu lokacin cikar ruwa ya ci burgu, macen kuma a nan take haihuwa. Ƙofar tana zama a buɗe har sai mai tsaro ya ga ta fita da idonsa, sannan ya rufe da hannunsa, ba hannun wani ba. Kifin da ya bi ta nan ya tsere, an yafe shi. A bakin ruwa ba a kiran sunan dabbar, Baƙuwa ake cewa, ba a kuma nuna ƙofar da yatsa. Ɗan ƙauyen yana tashi da sanin wannan kamar yadda yake tashi da sanin hanyar rijiya. Babu wanda ya yi tunanin zai zaunar da magidanci mai mata da 'ya ya gaya masa.

Kwana kaɗan da gama shinge aka aiko wa Gado cewa wansa ya rasu a ƙetare. Ya tafi, zai zauna har addu'ar bakwai.

A bayansa ne ina yankan burgu a gefen nan mai zurfi, na dafa turke, na miƙa ƙafa, na ji ba zana. Na sake lalubawa. Babu. Ina tsaye sai na ji wani kifi ya goga mini ƙwauri ya wuce waje, wani ya biyo shi. Na tuna ɓangaren da ke kusa da nan gidan Kawu ne suka kafa. Na ce a raina sakacin 'ya'yansa ne. In na faɗa, na kunyata mutumin da ya ba ni masauki a gaban gari. In na yi shiru, abincin jama'a yana zuba ina gani. Duk inda na juya kifin nan nake ji yana goga mini ƙafa.

Washegari bayan azahar, lokacin da kowa ke kwance, na kwance zana ɗaya daga bayan bukkarmu, na ɗauki basilla da igiyar da na zo da ita daga Gaya, na tafi. Ni da nake tsoron ruwa, na nutsa ya fi sau ashirin. Na yi ɗinkin da nake yi wa buhun gishiri, mai komawa baya, ninki biyu, na ɗaure kowane ƙarshe a jikin turke. Na fita har na kai tudu, na dawo na sake taɓawa. Na sake fita, na sake dawowa. Da na kama hanyar gida ruwa yana ɗiga daga wandona, na ji a raina ban taɓa yi wa mutane alheri irin na ranar ba.

Ruwan shekarar ya sauka da saurin da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Kullum da safe sai ka ga sabon layin laka a jikin turaku, ƙasa da na jiya. A rana ta biyar matan da ke tonon bado suka fito da gudu, ƙoransu a hannu babu komai. Ba su yi ihu ba. Raɗa suke yi, Baƙuwa tana ciki.

Muka taru a gaɓa. Da fari ban ga komai ba sai ruwa mai launin ƙasa. Can sai wani hanci mai faɗi ya ɓullo a jikin shinge daga ciki, ya ja numfashi, fuu, ya koma. Ba a daɗe ba wani ɗan ƙarami ya ɓullo daga waje, daidai wurin, shi ma ya yi nasa, siriri. Ɗanta ne. Ya riga ta fita kafin in zo da basillata, ita tana baya. Zanar tana lanƙwasawa idan ta tura ta da kai, turaku suna rawa, amma ɗinkin bai saki ba. Na tsaya ina kallon aikina yana riƙewa.

Babu wanda ya yarda ya taɓa ƙofar, tunda ba hannunsa ba ne. Aka tura jirgi a kira Gado. Kafin a same shi a dawo da shi an yi yini da rabi, kuma a wannan tsakanin wani tudun yashi ya fito a bakin Lungu daga waje, ruwan da ke kansa bai wuce gwiwa ba.

Gado bai gaisa da kowa ba. Ya tuɓe riga, ya kama wuƙa da haƙori, ya nutsa. Da ya fito yana janye da zanata. Ya tsaya a ruwa iya ƙugu, ya ɗaga gefenta yana duban ɗinkin, ya bi shi da babban yatsa. A ƙauyen nan duka ɗauri suke yi, babu mai ɗinki. Ya ɗago kai ya bi mutane da ido ɗaya bayan ɗaya har ya iso kaina. Ya dubi hannuna. Sannan ya dubi bayana, inda Fati take tsaye da Rakiya a kafaɗa, kan yarinyar yana lilo. Sai ya sa wuƙa ya yanyanka igiyar gunduwa-gunduwa, ya naɗe zanar, ya tura ta waje ruwa ya tafi da ita.

Kawu Jibo ya ɗaga murya ya ce, "Gado, wa ya yi wannan aiki?"

Ya ce, "Ƙofa tawa ce."



Kwana biyu muna haƙa wa Baƙuwa hanya a cikin yashin nan, da fartanya da ƙwarya da hannu. Abin da muka kwashe da safe, kafin la'asar ya zubo ya cike. Maza biyu suka faɗi don yunwa aka ja su inuwa. Ita kuma ta matso bakin ƙofa ta kwanta a ruwan da bai rufe ta ba, bayanta a rana, fatar ta fara tsagewa. Mata suna ɗiban ruwa suna zuba mata, wata tsohuwa tana yi mata magana da yaren Dendi a hankali kamar mai jinya. Ɗan yana can bayan yashi, inda ruwa ya fi zurfi, yana zagayawa.

A rana ta uku wani ya faɗi abin da ke cikin kowa, cewa mutuwa za ta yi ko an so ko ba a so ba, ga yara suna mutuwa a gida. Aka tambayi liman, ya ce dabbar ruwa ce, ta halatta. Aka nemi mashin Gado ya hana. Aka kawo na wani. Ba zan faɗi yadda aka yi ba. Abu ɗaya zan faɗa, da aka juya ta, a ƙarƙashin hannunta akwai nono kamar na mace, yana tsiyaya fari a kan laka.

Aka raba gida-gida. Da yamma ƙauyen duka ƙanshin kitse yake, hayaƙi yana tashi daga kowane gida, karo na farko cikin watanni. Gidan Gado ne kawai ba a hura wuta ba. Fati ta ci, ta sha romo har gumi ya karyo mata. Ni ma na ci. Da a ce zan iya cewa ya tsaya mini a wuya, da na ji sauƙi, amma ban taɓa cin nama mai daɗinsa ba, kuma na suɗe ƙwaryar. Bayan kwana biyu nonon Fati ya dawo, Rakiya ta yi kuka mai ƙarfi har maƙwabta suka leƙo suna barka. Ɗan Baƙuwa ya yi kwana uku a bayan yashin. Ina zuwa in tsaya a tudu in ji numfashinsa. A rana ta huɗu na tsaya har rana ta faɗi, ruwa bai motsa ba.

Sai da ciki ya cika sannan baki ya buɗe. Aka ce Gado ne ya rufe ƙofar kafin ya tafi, ya fake da rasuwa don kada a gan shi. Aka ce ya yi alkawari da wani ɗan kasuwa a kan kitse da ƙashi. Babu wanda ya ga ɗan kasuwar, amma kowa ya san wanda ya gan shi. Ai da bakinsa ya ce ƙofa tasa ce. Mutanen da suka ci naman su ne suka daina amsa masa sallama. Aka karɓe tsaro daga hannunsa. Matarsa in ta zo daka sai sauran mata su kwashe turamensu.

Kullum nakan ce yau zan faɗa. In ce bayan asuba, in ce bayan azahar, in ce bari Juma'a ta zo. Kuma kullum sai in tuna in aka kore mu, a Gaya babu ko bado. Sau ɗaya na iya zuwa wurinsa. Na same shi yana toshe jirginsa da tsumma.

"Baba Gado," na ce.

Bai ɗago ba. "Mai-basilla. Yarinya tana sha?"

"Tana sha."

"To, je ka."

"Baba, ni ne na..."

"Na ce je ka. Ka ɗinke bakinka, ai ka iya."

Kwana shida bayan nan ya loda matarsa da 'ya'yansa da tukwanensu ya ƙetare. Mumuni yana gaban jirgi rungume da kaza, bai fi shekara goma ba. Babu wanda ya raka su gaɓa. Ni ina bayan wata giginya.

Ruwan farko ya sauka ba da daɗewa ba, da rana tsaka, da iska mai tsinke zana. Ƙasa ta yi wannan ƙanshin da ke sa mutum ya ji kamar ya ci ta. Mata suka fito da ƙore da tukwane suna guɗa, tsofaffi suna kuka. Na tsaya a ƙofar bukka ruwa yana dukan fuskata, ina kallon bakin Lungu yana cika, yashin yana nutsewa a hankali.

Tun daga shekarar ba a sake ganin Baƙuwa a Lungu ba. Shinge ma aka yi shi wasu shekaru ba mai tsaro, daga baya aka bari.

Na koma Gaya na ci gaba da ɗinki. Na tambayi malamai da yawa, a kaikaice, wai wani ne ya yi ɓarna da niyyar gyara. Duk suka ce babu laifi a kan mai kuskure. Ban taɓa gaya musu sauran rabin ba. Nakan ce wa kaina ai Gado ne ya ce in yi shiru. Na riƙe wannan har labarin rasuwarsa ya zo, na ci gaba da riƙewa bayan ba shi. Da Mumuni ya dawo, yakan kawo buhunan busasshen kifi tasha. Ni nake ɗinke masa. Yana ce mini Baba.

Ranar Talata da la'asar na zaunar da Fati na gaya mata. Tana tsince shinkafa a faifai, ba ta daina ba sai da na gama.

"Malam," ta ce, "kana tsammanin ban ga zanar bayan ɗakinmu ta ɓace ba? Ban ga wandonka a jiƙe ba? Ni ma na ci, ni ma na yi shiru. Gobe ka sa babbar rigarka, kada ka je musu kamar mai bara."

Na hau kabu-kabu tun da hantsi. Ana zaman a gindin mangwaro a ƙofar mai gari, dattawa a tabarma, 'yan ƙungiya a tsaye da laka a ƙafafunsu, sun taso daga dashen burgu. Na shirya maganar a hanya tsaf, amma da aka ba ni dama duk ta watse. Na ce, "Ba Gado ya rufe ƙofa ba. Ni ne. Da basilla." Sannan na faɗi sauran yadda ya zo.

Wani tsoho da ake kira Hima, wanda muka haƙa yashin nan tare, ya buga sandarsa a ƙasa.

"Kai? Kai da in ruwa ya kai maka cibiya sai ka fara salati? Nawa yaran nan suka ba ka?"

"Ko goro ba su ba ni ba. Sau ashirin na nutsa."

"To, don me sai yau?"

Wata tsohuwa daga bayan taro ta ce, ba da ƙarfi ba, "Shi kaɗai ne bai ci ba, mu kuma muka kore shi." Hima ya juya zai yi mata magana, ya fasa, ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da sanda.

Mai gari ya yi shawara da na kusa da shi, sannan ya ce ƙofa ta koma gidan da ta fito. 'Yan ƙungiya ba su yi tafi ba. Da na waiwaya, Mumuni ba ya wurin.

Na same shi a bakin Lungu, zaune a gefen jirginsa, ga sabon burgun da suka dasa yana leƙowa layi-layi daga laka. Na yi sallama ya amsa, bai dube ni ba.

"Na yi ta tambayar babana wa ya rufe ƙofar, har ranar da ya mutu," ya ce. "Ya ce mini bai sani ba. Ashe bai gane ba?"

Na so in bar shi a haka. Na ce, "Ya gane. Tun a cikin ruwa ya gane."

"Ya san kai ne."

"Ya sani."

"Ya bari aka tofa wa uwata yawu a kansa, ya san kai ne."

Na ce ina da jaririya a lokacin, nono ya ƙafe, ubansa ya dube ta kafin ya yanke igiyar. Mumuni ya daɗe yana murza wani ɗan karan burgu a hannunsa har ya yi ruwa.

"Ta rayu?"

"Ta rayu. Tana aure a Dioundiou, 'ya'yanta biyar."

"Ta san wannan magana?"

"A'a."

Sai a lokacin ya juyo ya dube ni. Bai ce mini Baba ba.

"Ban ce na yafe ba, ban ce ban yafe ba. Ka kawo ta nan. Ina so in ga wadda aka kore mu dominta."

Na kira Rakiya a waya da na dawo gida. Ta yi ta tambaya ko jikin uwarta ne, na ce kowa lafiya, ta zo dai. Ta ce yaya zan tayar mata da hankali a kan ba komai, halina ne ba na sauyawa, ta yi dariya. Jibi za ta shigo motar safe. Ban san ta inda zan fara mata ba.